Kashi na 14: Masallacin Babban Gwani da wahalar gyaran ginin ƙasa

'Yan uwa na Rano da Kibiya, yau za mu ɗan leƙa Zazzau ne, amma maganar ta shafi kowane tsohon soro da ke garuruwanmu.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ke daura da fadar Sarki, an gina shi ne a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Muhammadu Durugu, wanda duniya ta fi sani da Babban Gwani. Ba siminti, ba rodi. Tubali ne na ƙasa, sai azara ta giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Azarar nan ita ake jerawa a cikin ginshiƙi, kowace ta ɗan zarta ta ƙasanta, a ɗaure, a yaɓe, har a samu bakan gizo ya tashi daga wannan ginshiƙi ya haɗu da wancan. To a jikin ginshiƙan nan da wajen alƙibla ne aka yi zayyanar da ake magana. Kuma ku lura, ba fenti ba ne. Tun ƙasar tana ɗanya magini ke fitar da zanen da hannunsa, ya yi tudu ya yi kwari. Shi ya sa in ya lalace ba a sayo wani a kasuwa.

Akwai labarin da ake bayarwa wai bayan ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci sai aka kashe shi don kar ya yi wa wani irinsa. Ni dai labarin baka na ɗauke shi.

A wajen 1975 aka yi sabon gini na kankare aka lulluɓe tsohon a ciki, da nufin a kare shi daga ruwa, a kuma ƙara wa masallata wuri. Kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna masallacin kaf ya zana shi, har aka gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos.

Ran Juma'a 11 ga Agustan 2023, ana sallar La'asar, wani ɓangare na rufin ya rufta, aƙalla mutum 7 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya bayyana cewa an ga tsagewa a bangon tun kafin ranar, ana cikin shirin gyara ne abin ya faru.

To ga inda ya shafe mu. Ginin ƙasa yana son yaɓe akai-akai, a duba indararo kafin damina, a shafe shi da makuba. Da yawanmu kuwa, in an tara kuɗin gyaran masallacin unguwa, sai a watsa masa filasta ta siminti, a ce an huta. Simintin ba ya kama ƙasa sosai. Da ya tsage sai ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar fita, azara ta yi ta ruɓewa a ɓoye alhali waje fes. Zayyanar kuma an binne ta ke nan.

In da tsohon magini a unguwarku wanda ya iya ɗaurin guga, ku turo mana saƙo, muna so mu je mu ɗauki muryarsa a kashi na gaba. Sai mun ji ku.