Ƙwallon lambu, wasan da aka haifa a makiyaya

Batun wannan mako wani direba ne ya kawo shi, cikin masu jigila tsakanin Agadas da Sabha. Ya ce yana zaune wajen mai shayi a nan Hajara, talabijin na nuna wasan nan da ake bugun 'yar farar ƙwallo da sanda, sai ya ga filin ya bushe ƙamas, ciyawa ta yi ja, ga tuddan rairayi, ga iska na kaɗa rigunan mutane. Alhali shi a saninsa filin wannan wasa kore ne shar, da itatuwa da tafki. Shi ne yake tambaya: fari ne ya faɗa wa Turawan, ko kuɗin ban ruwa ne ya ƙare?

Ba ko ɗaya, malam direba. Fili iri biyu ne ka gani. Bambancinsu kuwa ku makiyaya za ku riga ɗan birni gane shi, don shi ne bambancin jigawa da lambu.

Ga wanda bai san wasan ba: sunansa golf, gidajen rediyon Hausa kuma suna ce masa ƙwallon lambu. Fili ne mai ramuka 18, kowanne da wurin farawarsa. Mutum zai bugi ƙwallo, ya bi ta da ƙafa, ya sake bugu, har ta faɗa wani ɗan rami da faɗin bakinsa bai kai santimita 11 ba. Wanda ya gama zagayen da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Sanduna 14 ne iyakar abin da doka ta yarda mutum ya ɗauka, tsawon filin kuma yakan kai kilomita 6 ko fiye. Shi ke nan wasan.

Sunan da muka ba shi da Hausa yana ɗan ɓatar da mutum, don wasan bai taso a lambu ba. A gaɓar teku ta gabashin ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila, akwai wata siririyar ƙasa tsakanin ruwan gishiri da gonaki, wadda su can suke kira links. Rairayi ne da iska ta tara shekaru aru-aru, ciyawa ta kama shi ta riƙe. Ba ya yin hatsi, itace ba ya tsayawa a kansa saboda iska da gishiri, ruwan sama kuma yana sauka yake nutsewa. Manomi bai ga amfaninsa ba, sai aka bar shi na kowa da kowa: a yi kiwo, a yi shanya, a yi wasa. Tumaki da zomaye ne suka yi wa ciyawar aski, kashinsu ya zama taki. Ramukan yashin nan da kuke gani a talabijin, waɗanda 'yan wasa ke tsoron ƙwallo ta faɗa ciki, bayanin da aka fi yarda da shi a kan asalinsu shi ne tumaki ne suke kwanciya a gefen tudu don fakewa daga iska, suna tona wurin da kofato har yashi ya fito, iska ta ƙarasa aikin. Wanda ya taɓa ganin inda garke ke kwana lokacin hunturu ba sai an zana masa ba.

Wasan ya tsufa ƙwarai. A 1457 sarkinsu James na Biyu ya hana shi tare da ƙwallon ƙafa, saboda samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo.

Ciyawar irin wannan ƙasa siririya ce, saiwarta na nitso. In aka yi kwanaki ba ruwa sai ta yi ja kamar ta mutu, ruwa ɗaya ya sauka ta farfaɗo. Ƙasar tana da tauri, don haka ƙwallo ba ta tsayawa inda ta sauka, gangarawa take yi, ta bi kwari ta kauce wa tudu. Ga iska kuma, yau ta buso daga teku, gobe daga tudu, ramin da aka kai da bugu biyu jiya ya nemi uku yau. Gwani a nan ƙasa-ƙasa yake aika ƙwallonsa, ya sauke ta nesa da rami ya bar ƙasa ta kai masa. A 2006, a filin Hoylake kusa da Liverpool, zafi ya ƙona ciyawar har ta zama launin ƙasa, Tiger Woods ya lashe gasar alhali sau ɗaya tak ya ɗauko babbar sandarsa ta dogon bugu cikin kwana huɗu. Wannan gasa, The Open, tun 1860 ake yin ta, kuma a filin gaɓa kaɗai ake yi. Ina kyautata zaton ita direbanmu ya gani.

Ɗaya nau'in shi ne ya cancanci sunan lambu. Da wasan ya bazu zuwa garuruwan da ba su da gaɓa, sai aka koma gina fili a ƙasa mai nauyi, cikin itatuwa, a haƙa tafki, a shuka ciyawa, a binne bututun feshi, a zuba takin zamani, inji na aski kullum. Ƙasar tana da laushi, ƙwallo sama take bi, ta sauka ta tsaya cik. Itatuwa sun tare iska. Mafi shahara shi ne Augusta a jihar Jojiya ta Amurka, inda ake gasar Masters tun 1934, kuma kafin golf wurin gonar rainon itatuwa da furanni ne. A nahiyarmu, Maroko na da duka biyun a gaɓar Atilantika: Dar Es Salam a Rabat, na 1971, zamanin Sarki Hassan na Biyu, yana cikin dajin itatuwan da ake murfin kwalba da ɓawonsu, Mazagan kuma kusa da El Jadida an shimfiɗa shi a bakin rairayin teku don ya yi kama da na Sikotilan.

To, ina ruwan makiyayi da duk wannan? Ku biyo ni garin St Andrews, wanda duniya ta ɗauka a matsayin mahaifar wasan.

A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya sa hannu a wata takarda. An ba shi damar kiwon zomaye a wani sashe na filin, shi kuma ya tabbatar a rubuce cewa mutanen gari na da haƙƙin yin wasanninsu, har da golf, da haƙƙin kiwon dabbobinsu a wurin. Takarda ɗaya ce ta ɗauki ɗan wasa da mai tumaki. Aka zauna haka fiye da shekara 200. A 1754 masu hali 22 suka kafa ƙungiyar 'yan wasa, wadda daga baya ta zama mai tsara dokokin golf ga mafi yawan duniya. A 1797 bashi ya ci majalisar garin ta sayar da filin, ba a jima ba ya faɗa hannun wasu masu kiwon zomaye don kasuwa. Zomaye suka hayayyafa suka tone ko'ina. 'Yan wasa suka tara kuɗi suka tafi kotu, suka ce tsohon haƙƙinsu sayarwa ba ta kashe shi ba. Aka yi ta shari'a har ta kai majalisar dattawa a Landan, sai a 1821 wani attajiri mai son wasan, James Cheape, ya saye filin rigimar ta mutu. A 1894 filin ya koma hannun gari. Har yau na jama'a ne, kuma ranar Lahadi, in ba gasa ake ba, ba a wasa a tsohon filin, mutane ke fita yawo da iyalansu da karnukansu.

Tumakin fa? Babu su. Haƙƙin 'yan wasa ya samu ƙungiya da asusu da lauya, ya rayu. Na kiwo, wanda ke cikin takarda guda da shi, a hankali ya shuɗe, inji ya karɓi aikin askin. Ni a nan na fi daɗewa da na karanta tarihin, don ban ga inda aka zo da bulala aka kori kowa ba.

Akwai inda bai shuɗe ba. A Westward Ho!, kudu maso yammacin Ingila, filin da aka kafa a 1864 yana kan makiyayar jama'a, kuma tumaki da dawaki na kiwo ana wasa a tsakaninsu. A Brora, can arewacin Sikotilan, shanu da tumakin ƙananan manoma sun yi shekara da shekaru suna yawo a filin, sai aka kewaye ɗan dandalin da ramin yake da siririyar waya mai lantarki, ɗan wasa ya tsallaka ya shiga, saniya ta tsaya waje. Har ƙa'ida suka yi ta abin da mutum zai yi in ƙwallonsa ta faɗa kashin shanu. Ba don 'yan wasa na ƙaunar kashin shanu aka yi haka ba. Haƙƙin kiwon yana rubuce, dokar ƙasa ta san da shi, masu shi kuma ba su daina kai dabbobinsu ba.

Mu ma ba mu rasa takardu ba. Jihar Arewa ta Najeriya ta yi dokar keɓe makiyaya a 1965. Nijar na da kundin dokokin karkara na 1993, da dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince cewa zirga-zirgar makiyayi da dabbobinsa haƙƙi ne, kuma akwai kwamitocin ƙasa da ake kira Kofo tun daga ƙauye. Amma kun fi ni sanin burtali nawa ne suka zama gona ko fuloti. In kuka ga masu awo sun zo da farin fenti da turaku, ko otel za a yi, ko gonar kamfani, ko filin wasa, tambaya biyu ce ta farko: shin mashigin nan da mashayar nan suna cikin rajistar Kofo ko ta ƙaramar hukuma, kuma wa ke riƙe da kofin takardar a cikinku? In amsar ita ce "ai kowa ya sani tun kakanni", to ku sani alƙali takarda zai nema.

Sai batun ruwa, wanda a Fezzan ya fi na ƙasa zafi. Filin gaɓa na asali ruwan sama ya raine shi. Filin lambu kuwa sai an shayar da shi, kuma ƙishirwarsa na ƙaruwa da zafin wurin. Mu yi lissafin 'yan kasuwa. Milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Mu ɗauka ana shayar da hekta 40, mu ɗauka kuma a tsakiyar bazarar sahara ciyawa na neman milimita 8 a yini. Ya kama lita miliyan 3 da dubu 200 kowace rana, wato jarka 160,000 mai lita 20. In saniya na shan jarka biyu a ranar zafi, shan shanu 80,000 ke nan. Ku tuna a Sabha shekara kan wuce ba a ga ruwan kirki ba, wanda muke sha tsohon ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da ba ya komawa in an ɗebe, kuma rijiyoyin Jabal Hasawna da ke arewa da mu tun 1996 suke tura shi Tarabulus ta babban bututu. Dubai ta buɗe filin ciyawa a tsakiyar rairayi a 1988, Marrakesh kuma tana shayar da filayenta da dama da ruwan bahaya da aka tace. Ana iya yi, amma da kuɗi mai yawa, kuma ruwan daga wani wuri yake fitowa.

Abin da ya ba ni dariya shi ne mafitar da aka samu a ƙasar Hausa tun tuni. Turawan mulkin mallaka da na haƙar kuza sun kafa filaye a Jos, Kaduna, Zariya da Kano, na Rayfield a Jos ma tun 1913. Da rani babu ruwan raya ciyawa, sai a wurare irin su Kano aka yi dandalin ramin da yashi da aka cakuɗa da baƙin mai, a daddaɓe shi, kafin mutum ya buga a ja wani abu a share masa hanya. A wajen Yamai ma, kusa da kogi, akwai filin yashi. Masu filayen kore sukan yi wa irin waɗannan kallon na talaka. Ni kuwa a ganina sun fi kusa da asalin wasan: ƙasa mai tauri, ƙwallo mai gudu, iskar hunturu a fuska, in an yi sa'a awaki na tsallaka fili. Baƙin man ne kawai ba abin yabo ba, don ƙasar da ya jiƙa ba ta sake fid da tsiro da wuri.

Malam direba, gasar tana zagayowa kowane watan Yuli. In ta same ka wajen mai shayi, ka bar kallon 'yan wasan na ɗan lokaci ka dubi ramukan yashin, ka duba ta wane gefe bangonsu ya fi tsayi, ka kwatanta da inda tutar rami ke kaɗawa. Sannan ka aiko mana ta hannun 'yan tasha ko tunkiyarka za ta zaɓi wurin ta kwanta.