Yaran Baƙi a Makarantunmu: Me Suke Bukata?

'Yan'uwa, tun daga shekarar 2017 dubun-dubatar mutane suka tsallako daga yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru, suka shigo jihohin Taraba, Binuwai, Kuros Riba da Akwa Ibom. An zaunar da wasu a Adagom kusa da Ogoja, wasu a Ikyogen ta Binuwai, da yawa kuma suna zaune cikin garuruwa, a wurare kamar Takum da tsaunin Mambila. Ya kamata mu fahimci abin da 'ya'yansu ke fuskanta a makaranta, domin taimakonmu ya faɗa inda ake bukata.

Abu na farko shi ne shekarun da suka ɓata. Rikicin ya soma ne a ƙarshen 2016 da yajin aikin lauyoyi da malamai, daga baya ya koma faɗa da makamai, makarantu da yawa suka zauna a rufe shekara da shekaru. Saboda haka za mu ga yarinya 'yar shekara 14 wadda karatunta ya tsaya a aji uku na firamare. In an sa ta cikin ƙanana, kunya za ta kore ta. In an sa ta cikin tsararrakinta, ba za ta gane darasi ba. Maganin wannan shi ne a gwada ta a san inda ta tsaya, sa'an nan a ba ta darasin yamma na karatu da lissafi har ta kamo sauran.

Abu na biyu, tsarin karatu ya bambanta. A ɓangaren Kamaru mai amfani da Turanci, ɗalibi yakan yi shekara biyar a sakandare ya rubuta jarrabawar GCE, ya ƙara biyu ya rubuta ta gaba. A Nijeriya kuwa shekara uku ce a ƙaramar sakandare, uku a babba, sa'an nan WAEC ko NECO. Iyaye baƙi ba su san wannan ba, kuma wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa neman takardar sakamako. Suna bukatar ɗan gari da zai raka su wurin hedimasta, ya bayyana musu aji-aji, ya nuna musu ofishin hukumar kula da 'yan gudun hijira domin rajista.

Abu na uku, kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole. Duk da haka akwai kayan makaranta, littattafai, takalma da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Waɗannan ƙananan abubuwa ne ke sa yaro ya koma talla ko ƙwadago a gonar wani, yarinya kuma a aurar da ita da wuri.

To, mene ne namu a ciki? Malamai da ɗaliban manyan makarantu da ke cikinmu za su iya ɗaukar darasin yamma sau biyu a mako. Zumuntar mata za ta iya ɗinka kayan makaranta, ta jawo uwayen cikin adashi. Dattawa za su iya yin magana da mai unguwa a ba iyali aron gona. Amma mu kula da abu ɗaya: in an raba littattafai ga baƙi kaɗai alhali ɗan gari ma ba shi da su, ƙiyayya za ta tsiro. A haɗa duka, mabukaci shi ne mabukaci, kuma kada a tambayi addini ko ƙabila kafin a taimaka.

Mu gargaɗi 'ya'yanmu su daina yi wa baƙo dariya saboda harshensa. Mu tuna Ubangijinmu ma ya yi ƙuruciya a baƙunci a ƙasar Masar. Kafin makarantu su koma hutu, bari kowace ikkilisiya ta ƙirga yaran baƙi da ke unguwarta, ta san nawa ne ba sa zuwa aji, da dalilin kowannensu.