Cinikin Fina-finai ta Intanet: Makullin da Ya Kori Mai Saye Ya Bar Ɓarawo

A cikin watan Agusta na shekarar 2007 ne kamfanin Blockbuster, wanda a wancan zamani shi ne kan gaba wajen ba da hayar fina-finai a ƙasar Amurka, ya sayi wani kamfani mai suna Movielink a kan kuɗi dala miliyan 6 da dubu 600. Kuɗin nan ba su taka kara sun karya ba idan aka tuna da waɗanda suka kafa kamfanin, watau manyan kamfanonin shirya fina-finai guda biyar na Hollywood: MGM da Paramount da Sony Pictures da Universal da kuma Warner Bros., waɗanda rahotanni suka nuna sun zuba jarin da ya haura dala miliyan 100 a cikinsa. Masu kaya ne da kansu suka buɗe shago, kayan kuwa irin wanda duniya take rububinsa ne, amma shekara biyar ba ta cika ba sai ga shi an sayar da shagon a farashin gwanjo. Dalilin wannan faɗuwa abin dubawa ne ga duk ɗan kasuwar da hajarsa take kwafuwa, ko fim ne, ko waƙa, ko littafi.

Asalin maganar ta faro ne tun daga faifan DVD, wanda ya shiga kasuwar Japan a ƙarshen 1996, ya isa Amurka a 1997. Kaset ɗin bidiyo da aka saba da shi yana da wata kariya ta ɗabi'a, domin duk lokacin da aka kwafi wani daga wani hoton yakan dushe, murya ta shaƙe, har a kai inda ba ya kalluwa. Faifan DVD ba haka yake ba, kwafi na dubu daidai yake da na farko. Saboda haka kamfanonin fim suka ƙi yarda su saki kayansu sai da aka saka wa faifan wani makulli da ake kira CSS, wanda yake hargitsa abin da ke ciki ta yadda babu na'urar da za ta karanta shi sai wadda aka ba mabuɗi. Bugu da ƙari, aka raba duniya shiyya shida, aka sa Amurka a ta ɗaya, Nijeriya da yawancin ƙasashen Afirka a ta biyar, domin kada faifan da aka sayar a wata shiyya ya yi aiki a na'urar wata. A 1998 kuma Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar DMCA, wadda ta mai da karya irin wannan makulli laifi mai zaman kansa, ko da mutum bai sayar da kwafi ko ɗaya ba.

Makullin bai yi tsawon rai ba. A watan Oktoba na 1999 wata manhaja mai suna DeCSS ta bayyana, wadda take buɗe faifan cikin sauƙi, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta kuwa wani yaro ne ɗan shekara 15 a ƙasar Norway, Jon Lech Johansen. An gurfanar da shi gaban shari'a, kotu ta wanke shi a watan Janairun 2003, kotun ɗaukaka ƙara ta sake wanke shi a ƙarshen shekarar. A Amurka kamfanonin fim sun ci nasara a ƙarar da suka kai wata mujalla da ta yaɗa manhajar, amma kafin alƙali ya yanke hukunci ta riga ta gama duniya.

A nan akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi, domin shi ne tushen matsalar baki ɗaya. Wanda ya kulle sito yana riƙe mabuɗin a aljihunsa. Wanda ya kulle fim kuwa tilas ne ya miƙa mabuɗin ga na'urar mai saye, in ba haka ba ai ba za a kalli fim ɗin ba. Ke nan makulli da mabuɗi duk suna hannun wanda ake gudun ya yi sata. Sa'an nan ba a bukatar kowa ya iya karyawa. Mutum ɗaya tak ya isa, domin da zarar ya fitar da kwafi guda marar makulli ya ɗora a intanet, sauran jama'a ɗauka kawai za su yi. Haka aka maimaita da sabon makullin AACS da aka yi wa faifan HD DVD da Blu-ray a 2006: kafin tsakiyar 2007 lambar sirrinsa ta bazu har ana buga ta a jikin riguna.

Cikin wannan hali ne aka buɗe Movielink a watan Nuwamba na 2002, da niyyar a ba jama'a hanyar halal ta sauke fim daga intanet kafin masu satar fasaha su mamaye fagen, kamar yadda suka yi wa kasuwar waƙoƙi a zamanin Napster. Niyya ce mai kyau, sharuɗɗan ne suka ɓata ta. Mutum zai biya 'yan daloli kuɗin haya, ya jira fim ya sauka, wanda a layukan intanet na lokacin yakan ci awa ɗaya ko fiye. Yana da kwana 30 ya fara kallo, da ya fara kuma awa 24 ce gare shi, bayan haka fim ɗin ya kulle kansa. Sai a kwamfuta mai manhajar Windows yake aiki, kuma sai mazaunin Amurka. Magidancin da yake so ya kalla da iyalinsa a talabijin ɗin falo sai ya nemi wayoyin haɗawa, in ya iya.

A watan Afrilu na 2006 Movielink da abokin hamayyarsa CinemaNow suka fara sayar da fim na mallaka, ba haya ba, a ranar da faifansa yake fitowa kasuwa. Farashin sabon fim ya kama daga dala 20 zuwa 30, alhali kuwa manyan kantuna sau da yawa suna sayar da faifan wannan fim ɗin a ƙasa da dala 20, da kwalinsa da ƙarin shirye-shiryen da ake cusawa a ciki. Wanda ya saya ta intanet yana iya adana kwafi a faifai, amma faifan ba zai yi aiki a na'urar DVD ta gida ba. Watau an nemi mutum ya biya kuɗi mai yawa a kan kayan da bai kai na kanti amfani ba.

Ba rashin wayo ne ya sa kamfanonin suka yi haka ba. A tsakiyar shekarun 2000 cinikin faifan DVD a Amurka kaɗai yana kawo kimanin dala biliyan 16 a shekara, fiye da abin da ake samu a ƙofar gidajen sinima, kuma kantunan Wal-Mart su kaɗai suna sayar da kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗannan faya-fayai. Jaridun Amurka sun ba da labari a 2006 cewa Wal-Mart da Target sun nuna wa kamfanonin fim rashin jin daɗinsu game da duk wani shiri na sayar da fim ta intanet a ƙasa da farashin da ake ba su faifai. Babu ɗan kasuwar da zai so ya ɓata da dillalin da yake kwashe masa kusan rabin kaya saboda sabuwar kasuwar da ba a san makomarta ba. Don haka aka buɗe sabon shagon, amma aka ɗaure masa ƙafa don kada ya tsere wa tsohon. Garin gyaran gira aka rasa ido, domin wanda ya ci moriyar wannan ɗauri ba Wal-Mart ba ne. Shi kansa Wal-Mart ya buɗe nasa shagon sauke fim a watan Fabrairun 2007, ya rufe shi a watan Disamba na wannan shekarar.

Wanda ya ci moriya shi ne ɓarawo. Tun 2001 wani masanin kwamfuta, Bram Cohen, ya ƙirƙiro fasahar BitTorrent, wadda take yanka babban fayil gunduwa-gunduwa, kowane mai saukewa yana kuma miƙa wa na kusa abin da ya riga ya samu, ta yadda yawan masu nema yake ƙara sauri maimakon ya rage shi. Fasahar ita kanta ba ta haram ba ce, amma masu satar fasaha sun same ta daidai da bukatarsu. Sukan matse fim ya koma megabayit 700 don ya shiga faifan CD guda, ba shiyya, ba wa'adi, kuma yana aiki a kowace kwamfuta. Wani lokaci ma sukan riga mai kaya: a watan Mayun 2005 kwafin sabon fim ɗin Star Wars ya bayyana a intanet daidai lokacin da ake fara nuna shi a sinima. 'Yan sandan Sweden sun kai samame a kan The Pirate Bay ranar 31 ga Mayu, 2006, bayan kwana uku ya dawo aiki da masu ziyara fiye da dā. A watan Afrilun 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu masu alaƙa da shi ɗaurin shekara guda da diyyar kurona miliyan 30, duk da haka bai mutu ba.

Kamfanin Apple ya ɗan nuna hanya a watan Satumba na 2006 lokacin da ya fara sayar da fina-finan Disney a shagonsa na iTunes a kan dala 9.99 zuwa 14.99, Disney kuma ya ba da sanarwar sayar da 125,000 a makon farko. Amma wanda ya sauya kasuwar shi ne Netflix, kamfanin da ya fara da aika wa mutane faifai ta gidan waya. A watan Janairun 2007 ya soma nuna fim kai tsaye ta intanet ba sai an sauke ba, a ƙarshen 2010 kuma ya fito da tsarin biyan dala 7.99 a wata, mutum ya kalli duk abin da ya ga dama. Zuwa 2015 alƙaluman kamfanin Sandvine, mai auna zirga-zirgar intanet, sun nuna Netflix ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ake saukewa a Arewacin Amurka da maraice, rabon BitTorrent kuwa ya koma ɗan ƙalilan.

Kada a ɗauka Netflix ya jefar da makulli. Yana nan daram, kamfanonin fim ba su taɓa yarda a cire shi ba, saɓanin kamfanonin waƙa da suka bari Apple ya cire nasu a 2009. Bambancin shi ne mai biyan kuɗi ba ya ganinsa. Ya latsa, fim ya fara, a talabijin ko a waya. A ganinmu wannan shi ne ainihin abin da ya rage satar: an sayar wa mutane sauƙi a farashin da bai kai wahalar neman kayan sata ba.

Wanda ya sayi fim na mallaka kuwa har yanzu ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, domin abin da ya biya izinin kallo ne kurum, mabuɗin yana wurin kamfani. Tsarin UltraViolet da aka kafa a 2011 don adana wa masu saye fina-finansu an rufe shi a ƙarshen watan Yulin 2019. A watan Agustan 2022 kamfanin Sony ya janye fina-finan StudioCanal daga ma'ajiyar mutanen da suka riga suka biya a shagon PlayStation a Jamus da Ostiriya, saboda yarjejeniyar da ke tsakanin kamfanonin biyu ta ƙare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya sauke na sata shi ba wanda ya taɓa masa nasa. Daga 2019 kuma, da Disney da sauran manyan kamfanoni suka riƙa janye kayansu kowa yana buɗe tasharsa, sai ya zama mai son kallo sai ya biya wuri uku ko huɗu, satar da aka ɗauka ta kwanta ta sake ɗagowa, har ƙawancen ACE da kamfanonin suka kafa a 2017 ya bi sawun gungun Fmovies zuwa Vietnam aka rufe shi a 2024.

A nan gida labarin ya ɗan bambanta, domin ɗan kasuwar fim na Nijeriya bai taɓa samun makullin da zai dogara da shi ba. Daga kasuwar Alaba ta Ikko zuwa Ƙofar Wambai ta Kano, faifan VCD da DVD na gida a buɗe yake, kuma masu shirya fim sun daɗe suna kukan cewa kafin su mayar da uwar kuɗi kwafin sata ya cika tituna. Da wayoyin hannu suka yawaita, sai ciniki ya koma hannun masu rumfunan tura fim a katin ajiya na waya a kan kuɗi ƙalilan, kasuwar faifai ta durƙushe. Kamfanin iROKOtv, wanda Jason Njoku ya buɗe a ƙarshen 2011, ya gane cewa tsadar data ita ce babban shinge, har ya kafa rumfuna a Ikko inda mai rajista zai je a zuba masa fim a waya ba tare da ya ƙona data ba. Duk da haka a 2020 ya rage ma'aikata, ya karkata ga masu biyan dala da fam a ƙasashen waje.

Masu shirya fina-finan Hausa da dama kuwa sai suka ɗauki wata hanya daga 2020, suka koma shirin dogon zango irin su Izzar So, ana ɗora shi kyauta a YouTube, kuɗi yana zuwa ta tallace-tallace. Wannan ya rage wa mai sata riba, tunda da wuya a sayar wa mutum abin da mai shi yake rabawa kyauta, amma kuɗin talla a kan mai kallo na gida kaɗan ne idan aka gwada da na Turai da Amurka, kuma ƙa'idojin rabon kuɗin ba a hannun mai fim suke ba. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta haramta karya makullin fasaha, ta kuma ba mai haƙƙi damar neman kamfanonin intanet su sauke kayansa da aka ɗora ba da izini ba. Aiwatar da ita yana wuyan Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, shekara 25 bayan Amurka ta kafa irin wannan doka tata.