Daga Sidi Buzid Zuwa Potiskum: Bayan Taro Ya Watse, Wa Ke Riƙe Ƙasa?

(Kiɗan buɗe shiri)

  Muna miƙa gaisuwa ga mutanen Sabon Garin Nangere, da na Tikau, da Dawasa, da Kukuri, da Degubi, da ku direbobi da ke kan hanyar shiga Potiskum da rediyo a kunne. Yau maganar bore za mu yi, wato ranar da talaka ya fito titi ya ce ya gaji, da kuma abin da yakan biyo baya idan ƙura ta lafa.

Daga gida za mu fara. Ranar Alhamis, 1 ga Agustan 2024, aka shiga zanga-zangar kwana goma kan tsadar rayuwa a faɗin Najeriya. A Potiskum abin bai daɗe ba ya rikiɗe. Aka cinna wa motocin bas guda 7 na sufurin gwamnati wuta a harabar sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a ranar gwamnatin Yobe ta kafa dokar hana fita ta awa 24 a Potiskum da Gashuwa da Nguru. Sunan Nangere bai fito a sanarwar ba, amma wane ne a Nangere da ba ya cin abinci da Potiskum? Mai awaki biyu da ya ɗaure su a bayan babur zai kai kasuwar dabbobi, sai ya kwance su ya mayar turke. Mai nono ta dawo da ƙwaryarta a cike. Mai awo ya kwana da buhunsa a ɗaure, ga iyali suna jiran cefane.

Dalilin fitowar ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 cikin wata biyu, darajar naira ta faɗi, mudun masara da na gero suka yi tashin gwauron zabo. Tun a Fabrairun 2024 mata a Minna suka tare hanya, masu yin gurasa a Kano suka fito kan tsadar fulawa. Kowa ya ga hadarin yana haɗuwa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, mu tsallaka hamada. Ranar 17 ga Disamban 2010, a garin Sidi Buzid na ƙasar Tunisiya, ma'aikatan hukuma suka ƙwace kayan wani saurayi mai tallar 'ya'yan itatuwa a amalanke, har da sikelinsa. Sunansa Muhammad Bu'azizi. Ya je ofishin gwamna kai ƙara, ba wanda ya saurare shi, sai ya banka wa kansa wuta. Addini bai yarda da abin da ya yi wa ransa ba, wannan ba gardama. Amma duk mai tura baro a kasuwa ya san zafin da ke cikin a ƙwace maka jari a gaban jama'a, ka rasa inda za ka kai kuka. Kafin wata guda ya cika, ranar 14 ga Janairun 2011, Shugaba Zainul Abidina bin Ali ya tsere Saudiyya bayan shekara 23 a kan mulki. Misira ta karɓa ranar 25 ga Janairu, jama'a suka mamaye dandalin Tahrir a Alƙahira, cikin kwana 18 Husni Mubarak ya sauka. Daga nan sai Libiya, da Yaman, da Siriya, da Bahrain.

A wancan lokaci a majalisun shayi na Arewa ba a hirar komai sai wannan. Har da aka cire tallafin mai ranar 1 ga Janairun 2012, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, matasan Kano suka tare a shataletalen Silba Jubili suna kwatanta wurin da Tahrir. Ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki, ƙasa ta tsaya cak, gwamnatin Goodluck Jonathan ta sauko zuwa naira 97. A lura da wannan: akwai shugabannin da aka zauna da su, akwai buƙata guda ɗaya da kowa ya sani, akwai kuma ranar da aka ce a koma aiki. Mu a nan Yobe ba mu da sukunin wannan fitowa, domin kwana ɗaya kafin cire tallafin aka saka Potiskum da Damaturu da Gaidam cikin ƙananan hukumomin da aka ƙaƙaba wa dokar ta-ɓaci saboda rikicin Boko Haram.

Yaya ƙasashen can suka ƙare? Libiya dai, bayan kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte ranar 20 ga Oktoban 2011, rumbunan makamansa suka fashe suka malalo Sahel, Mali ce ta fara ɗanɗanawa a 2012. Siriya ta shekara 13 tana yaƙi kafin Bashar al-Asad ya gudu Rasha a Disamban 2024. Yaman har yau ba ta haɗu ba.

Misira da Tunisiya ne suka fi cancantar a tsaya a kansu. A Misira, matasan da suka cika Tahrir suna da wayar hannu da Facebook, amma ba su da jam'iyyar da ta kai ƙauye. Da aka zo zaɓe, ƙungiyoyi biyu ne kawai masu tsari a ƙasar: 'Yan'uwa Musulmi da kuma rundunar soja. Muhammad Mursi na 'Yan'uwa Musulmi ya ci zaɓe a Yunin 2012. Shekara guda bayan nan wata sabuwar zanga-zangar ta cika tituna, sojoji suka fake da ita suka tumɓuke shi ranar 3 ga Yulin 2013, aka kashe ɗaruruwan magoya bayansa a dandalin Rabi'atul Adawiyya cikin watan Agusta. Janar Abdulfatah al-Sisi, wanda ya jagoranci tumɓuke shi, yana nan a kan kujera. Titin da ya kori Mubarak shi ya share wa soja hanya.

Tunisiya ta yi kusa da faɗawa wannan rami a 2013, bayan kisan 'yan siyasar adawa biyu. Abin da ya cece ta shi ne tana da tsohuwar ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, wadda ta haɗa kai da ƙungiyar 'yan kasuwa da ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam, suka zaunar da 'yan siyasa har aka samu sabon kundin tsarin mulki a 2014. Wannan aiki ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 2015. Sai dai ƙuri'a ba ta samar da aikin yi ba, burodi bai yi araha ba. Da Shugaba Ƙais Sa'id ya rufe majalisa ranar 25 ga Yulin 2021, mutane da yawa tafi suka yi masa. Yau manyan 'yan adawa, ciki har da Rashid Gannushi, suna kurkuku.

Sudan kuwa ta fi kusa da zuciyarmu, ƙasar da 'yan'uwanmu Hausawa suka daɗe da zama a garuruwa irin su Maiwurno. A Disamban 2018 tsadar burodi ta tayar da garin Atbara. Likitoci da lauyoyi da malaman makaranta suka jagoranci boren cikin tsari, har Umar al-Bashir ya faɗi ranar 11 ga Afrilun 2019. Amma bindiga tana hannun janar-janar guda biyu. Suka kori farar hula a Oktoban 2021, sannan suka juya wa juna ranar 15 ga Afrilun 2023, miliyoyin mutane suka bar gidajensu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Akwai masu cewa ai wannan ya nuna dimokuraɗiyya ba ta zama a ƙasar Musulmi. Ni dai wannan magana ba ta gamsar da ni ba. Indunusiya ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi. Ɗalibai suka kori Shugaba Suharto a Mayun 1998 bayan shekara 32, kuma tun daga 1999 ake zaɓe ana miƙa mulki, da goyon bayan manyan ƙungiyoyin addini irin su Nahdatul Ulama da Muhammadiyya. Ga Senegal a kusa da mu. A Fabrairun 2024 Shugaba Macky Sall ya ɗage zaɓe, jama'a suka fito, kotun tsarin mulki ta ce ɗagewar ta saɓa doka, sojoji suka zauna a barikinsu. Ranar 24 ga Maris aka zaɓi Bassirou Diomaye Faye, kwana goma da fitowarsa daga gidan yari. Masallatai a Dakar da Jakarta suna cika kamar na Alƙahira. Bambancin yana ga alƙalin da zai iya ce wa shugaba a'a, da sojan da ya san iyakarsa.

Shi ya sa abin da ya fi tsorata ni a Agustan 2024 ba wutar motoci ba ce. Tutocin Rasha ne da aka gani a hannun yara a Kano da Kaduna, ana kiran soja su karɓi mulki, shekara guda bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Yawancin yaran nan ba a haife su ba lokacin da aka bar mulkin soja a 1999. Mu kuma da muka ga harin kasuwar shanu ta Potiskum a 2012, da na makarantar Mamudo a 2013, da bam ɗin da ya tashi cikin ɗalibai a makarantar kimiyya da fasaha ta Potiskum a Nuwamban 2014, mun san yadda gari ke komawa idan bindiga ce ke magana.

Amma kada wannan ya zama wa hukuma mafaka. Ƙungiyar Amnesty ta ce aƙalla mutum 24 aka kashe a zanga-zangar. Ranar 1 ga Nuwamban 2024 aka gurfanar da yara ƙanana a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, bayan wata uku a tsare, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da duniya ta yi ca sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Malaman da suka hau mumbari suna hana fita, da yawa da kyakkyawar niyya suka yi, amma da sun ɗaga murya haka kan tsadar mudu tun kafin Agusta, da matasa sun fi jin maganarsu.

Arewa kuma ba baƙuwa ba ce ga fushin da aka tsara. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950. Mutanen Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, ba su ƙona kasuwa ba, suka riƙa kafa reshe gari-gari. Kusan shekara 30 suka ɗauka kafin jam'iyyarsu ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnonin nata suka soke haraji da jangali. Makiyayin da ya taɓa ɓoye shanunsa a daji saboda masu ƙirga ya san nauyin wannan nasara.

Yau ƙofar da ta fi kusa da mutumin Nangere ita ce sakatariyar ƙaramar hukumarsa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su riƙe su, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, kuma a yawancin jihohi jam'iyyar gwamna ce ke lashe kujerun kaf. Ana dai wallafa kason kowace ƙaramar hukuma bayan zaman rabon arzikin ƙasa na wata-wata, mai waya a hannu zai iya dubawa.

Don haka ƙungiyoyin manoma, da na direbobi, da 'yan kasuwar hatsi, da matasan unguwa, da iyayenmu mata, ku sa wanda ya iya karatu a cikinku ya nemo adadin da ya shigo Nangere a watan jiya. Ku gayyaci kansilan mazaɓarku, ku zaunar da shi a ƙofar mai unguwa, cikin mutunci, ku tambaye shi rijiyar burtsatse nawa aka gyara, da kuma ranar da magani zai iso ɗakin shan magani. Ku rubuta amsarsa, ku sa masa ranar dawowa.

A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)