Yadda ake zaɓar tsirkiyar da ta dace da jitar katako

Mutane da dama da ke koyon kaɗa jita kan ɗora wa kayan kiɗan laifi idan sautinta ya dusashe ko yatsunsu suka yi ciwo, har wasu su jingine ta gaba ɗaya. Sau da yawa kuwa matsalar tana ga tsirkiya ne, wadda ita ce mafi araha a jikin jita, amma ita ke fara yanke hukunci kan amon da za a ji da kuma wahalar da hannu zai sha.

A fara sanin irin jitar

Jitar katako, wato wadda ba a jona ta da lantarki, iri biyu ce: mai tsirkiyar ƙarfe da mai tsirkiyar nailan, wadda ake kira jitar gargajiyar Sifaniya. A da, da hanjin tumaki da siliki ake yin tsirkiyar wannan ta biyun. Sai a shekarun 1940 Albert Augustine, tare da shahararren makaɗi Andrés Segovia, suka fito da ta nailan a Amurka.

Bambancin nan ba na ado ba ne. Tsirkiyoyin nailan guda shida na jan jita da nauyin da ya kai kusan kilo 40, na ƙarfe kuwa kan haura kilo 70. Jita mai tsirkiyar ƙarfe tana da sandar ƙarfe a cikin wuyanta don ta jure wannan ja, galibin masu nailan kuwa ba su da ita. Saboda haka wanda ya ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar nailan na iya lanƙwasa wuyanta, ko ya ɓamɓare jakin da tsirkiyoyin ke hawa kansa.

Kauri

Ana auna kaurin tsirkiyar ƙarfe da kashi ɗaya cikin dubu na inci, kuma ana kiran kowane ƙunshi da lambar tsirkiyarsa mafi siriri. Akwai mai lamba 10, wanda ya fi kowanne laushi, sai 11, sai 12 wanda shi ne aka fi ɗaura wa sabbin jitoci daga masana'anta, sannan 13 mai kauri.

Siririyar tsirkiya ta fi sauƙin dannawa, don haka ta fi dacewa da ɗan koyo wanda yatsunsa ba su yi kanta ba, da kuma ƙaramar jita ko tsohuwa. Sai dai amonta ba ya kai na mai kauri cika, kuma ta fi saurin tsinkewa. Mai kauri kuwa tana girgiza fuskar jitar sosai, ta ba da sauti mai ƙarfi da zurfi, shi ya sa masu kaɗi da ƙarfi a gaban jama'a ke son ta. Duk wanda ya tsallaka daga 10 zuwa 13 ya kamata ya kai jitarsa wajen gwani ya sake saita wuyanta, domin ƙarin ja yakan ɗaga tsirkiyoyin sama, su yi wuyar dannawa.

Ƙarfen da aka naɗa

Tsirkiyoyi huɗu masu kauri ana naɗe su ne da siririyar waya, kuma irin wayar na canza amo. Akwai wadda ake rubuta wa 80/20 a jikin kwali, wato kashi 80 jan ƙarfe, kashi 20 tutiya. Tana da amo mai kaifi garau idan sabuwa ce, amma tana saurin dusashewa. Akwai kuma tagulla mai ɗan sinadarin fosfaras, wadda kamfanin D'Addario ya fito da ita a 1974. Amonta ya fi taushi, kuma ta fi jure tsatsa.

A 1997 kamfanin Gore ya fito da tsirkiyar Elixir, wadda aka lulluɓe da siririyar roba don hana gumi da datti shiga tsakanin naɗin. Irin waɗannan sun fi tsada, amma suna daɗewa, kuma suna da amfani ga mai yawan gumin hannu. Wasu makaɗa dai na ganin suna da santsi a yatsa.

Yadda ake gwadawa

A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda: idan an canza kauri, a bar irin ƙarfen yadda yake. A rubuta ranar da aka ɗaura da sunan ƙunshin, sannan a naɗi sauti a waya na kiɗa guda, a wuri guda, a rana ta farko da kuma bayan mako biyu. Kada a yanke hukunci a ranar farko, domin sabuwar tsirkiya kan yi ta saki kafin ta zauna, ta nailan ma takan ɗauki kwanaki.

A lura kuma da yanayi. Bushewar iskar hunturu kan sa katako ya tsuke, tsirkiya ta riƙa gogar ƙarafan wuyan jita tana zuza, kuma canza tsirkiya ba zai magance wannan ba. Maganinsa shi ne ajiye jitar a akwatinta tare da ɗan soso mai danshi da ba ya taɓa katakon.

Da zarar tsirkiya ta yi baƙi, ko ta ƙi zama a saiti, ko amonta ya mutu, lokacin canza ta ya yi. Wanke hannu kafin kiɗa da goge tsirkiyoyin da busasshen ƙyalle bayan an gama suna ƙara musu kwana ƙwarai.