Hannun da Ke Mutuwa a Hankali: Dalma Ce ko ALS?

Akwai shanyewar jiki da ba ta zuwa dare ɗaya irin ta hawan jini. Magidanci zai ga yatsunsa sun fara kasa ɓalle maɓallin riga, silifa na suɓuce masa yana tafiya. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa, tsoka na ta motsi a ƙarƙashin fata. Ba zazzaɓi, galibi ba zafi. Wata da watanni sai harshe ya yi nauyi, ya riƙa ƙwarewa da ruwan sha. A nan ne dangi kan ce jifa ne, a kama hanyar gidan boka.

Likitoci na kiran wannan cuta ALS. Jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa tsoka ne ke mutuwa, alhali mutum yana ji yana gani. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana ta tun 1869, har yau kuwa ba a samo abin da ke warkar da ita ba. Yawancin masu ita kan rasu cikin shekara 2 zuwa 5. Ba a ɗaukarta daga majinyaci.

Sai dai mutumin yankin haƙar zinari irin Bukkuyum yana da dalilin da zai hana shi saurin yanke ƙauna. Ba a manta da 2010 ba, lokacin da ƙurar duwatsun zinari masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta hallaka yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta. Dalmar nan ba yara kaɗai take taɓawa ba. A jikin babba tana kashe jijiyar wuyan hannu, hannun ya langaɓe ya kasa ɗagowa, sau da yawa tare da murɗar ciki da taurin bayan gida. Wannan kam tana da magani: gwajin jini ke nuna ta, a nisanta da ƙurar, likita ya ba da magani mai fitar da dalma irin succimer, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba yaran yankin. Duk mai haƙa ko niƙa da hannunsa ya fara rauni, ya gaya wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi.

In kuwa ALS ce ta tabbata, maganin da aka fi sani shi ne riluzole, wanda Amurka ta amince da shi a 1995. Ƙwaya ce mai miligiram 50, safe da yamma, ba a kan abinci ba. Abin da yake ƙarawa a matsakaici wata 2 zuwa 3 ne, ba ya dawo da ƙarfin da ya tafi, kuma dole a riƙa auna hanta. Edaravone na rage saurin cutar ga wasu, da ɗan karen tsada. Tofersen na 2023 kuwa na masu wani nau'in gado ne, kusan mutum 2 cikin 100. Akwai ma Relyvrio da aka yi ta murna da shi a 2022, kamfaninsa ya janye shi a 2024 da babban gwaji ya nuna ba ya aiki. In masu ɗakunan bincike sun janye nasu, me mai lasifika ranar kasuwa yake sayarwa a gora?

A ganina, kuɗin gida sun fi amfani a jinya. Akwai magunguna masu sauƙin kuɗi na rage dalalar miyau da sandarewar gaɓoɓi. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya, a ba shi yana zaune, a tada kansa in zai kwanta.

Jama'a, kada a sayar da gona ko shanu saboda alkawarin warkewa. A fara da babban asibiti mafi kusa, a nemi takardar turawa zuwa asibitin tarayya na Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a ga likitan jijiya.