Takobin araha mai ƙyalli: abin da ke ɓoye cikin ƙota kafin a kai ga wasawa

A arewacin Kamaru takobi ba baƙo ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a fadar Lamiɗon Garwa ko na Rai Buba ya ga mahaya da takubba rataye a hamila, suna zare su in sun zo jahi gaban sarki. Abin da ya zo sabo shi ne takobin da matasa ke gani a TikTok da Facebook: wani ya jera gorunan ruwa a kan teburi, ya kai sara ɗaya, gora ta rabe biyu, gindinta bai ko motsa ba. Yaro a Yagwa ya kalli wannan, ya ji shi ma sai ya gwada. Da ya bincika sai ya ga ana tallar irin takobin Japan ɗin nan, katana, a kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba. Ya aika wa wani ɗan'uwa a Duwala, ko ya ba mai zuwa fatauci saƙo, kaya su iso, sai tambaya ta farko ta taso: wa zai wasa mini?

To, wannan tambaya ta yi gaggawa. Akwai wadda ta riga ta: shin wannan ƙarfen an yi shi don sara kuwa?

Galibin takubban araha da ke yawo a kasuwannin duniya ana ƙera su ne a Sin, musamman garin Longquan na lardin Zhejiang, da kuma Wazirabad a Pakistan. A Longquan ana yin na ƙwarai, ana kuma yin na rataya a bango, kuma a hoto ba ka bambance su. Na ado yawanci da ƙarfen da ba ya tsatsa ake yin sa, wanda za ka ga an buga masa lamba 420 ko 440. Irin wannan ƙarfe yana da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, shi ya sa yake ƙyalli kamar madubi. A wuƙar yanka albasa ba shi da laifi. Amma in ruwan takobi ya kai santimita 70, ana so ya lanƙwashe ya dawo idan ya bugi abu, shi kuwa wannan sai ya karye, gutsuren ya tashi inda Allah ya nufa.

Wanda ake sara da shi ƙarfe ne mai kabon, kuma lambarsa tana faɗin abin da ke ciki. 1045 na nufin kabon kusan kashi 0.45 cikin 100, shi ne mafi araha, yana yankan abu mai taushi amma kaifinsa ba ya daɗewa. 1060 ya fi shi, kuma mai koyo ba ya bukatar wuce nan. 1095 ya fi riƙe kaifi, sai dai ba ya yafe kuskure, in sara ya karkace yana iya ɓantarewa. Akwai kuma 5160, wanda ake yin sifirin ɗin mota da shi. Mai talla da ya kasa gaya maka lambar ƙarfensa, sai kirari kawai, ka bar masa kayansa.

Babban haɗarin ma ba a ruwan takobin yake ba, yana cikin ƙota inda ido ba ya gani. Takobin kirki, ƙarfensa guda ne tun daga tsini har ƙarshen ƙota, wutsiyar da ke shiga ciki tana da faɗi da kauri. Na ado kuwa, ruwan yana ƙarewa daidai bakin ƙota, sai a yi waldar wani siririn ƙarfe kamar wutsiyar ɓera, a ɗaure shi da noti a ƙarshe. In ka kai sara da ƙarfi, waldar nan ce ke fara tsinkewa. Ƙota ta tsaya a hannunka, ruwan takobi ya fice kamar mashi, kuma wa ke tsaye a gabanka? Ƙanenka da ke riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Ka lura fa, wasawa ba ta gyara wannan. Ta ƙara wa abin da zai tashi kaifi ne kawai.

Saboda haka kafin dutse ya taɓa shi, a kwance ƙotar a duba. Katana ta gaskiya da ɗan turken gora ɗaya ko biyu ake kulle ƙotarta, ana fitar da su a ga wutsiyar. In aka tarar an like komai da gam, ko aka girgiza aka ji wani abu na ƙas-ƙas a ciki, wannan na bango ne, a mayar da shi bango.

Abin mamaki shi ne, sayen ruwan takobi daga nesa ba yau muka fara ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana kawo ruwan takubba kusan 50,000 a shekara, yawancinsu daga Solingen ta Jamus, su ratso hamada a kan raƙuma. Amma ƙota da kube a gida ake yin su, maƙera da dukawa ke wannan aiki, daga nan su bazu har Adamawa. Wato kakanninmu sun sayi ƙarfen waje, amma wurin da rai yake, inda hannu ke riƙewa, ba su bar wa baƙo ba.

A ganina wannan hanyar har yanzu ita ta fi. Maƙeran Marwa da Garwa, da na nan Mayo-Danay da ke yi wa manoman shinkafa lauje da adda, sun san sifirin ɗin mota ciki da bai. Maƙerin da ya iya ƙona ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi a mai, sannan ya sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi, zai iya yi maka abin da ya fi na kwali aminci, kuma kana tsaye kana ganin wutsiyar kafin a sa ƙota. Ba kowane maƙeri ke iya dogon ƙarfe ba, gaskiya ce, domin ƙona shi daidai daga farko zuwa ƙarshe a ƙaramar wuta aiki ne. Ka nemi ya gwada a gabanka: a ɗan lanƙwasa ruwan, a saki. In ya dawo ya miƙe sak, madalla. In ya tsaya a karkace, bai ƙonu ba.

Sai batun wasawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kai takobi wurin mai walda ya ɗora masa injin gurza ƙarfe. Minti biyu an gama, tartsatsi na tashi, kowa na murna. Amma zafin injin yana kashe taurin bakin. In ka ga bakin ya sauya launi ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, to ya ƙone, wurin ya yi laushi, ba zai ƙara riƙe kaifi ba sai an cinye shi gaba ɗaya. Aikin na hannu ne. A ɗaure takobin a kan benci, a fara da magagari in bakin ya dakushe sosai, a bi shi ta fuska ɗaya da tsawon ruwan, ana ƙirga adadin ja a kowane gefe don kada kaifin ya karkata. Daga nan dutsen wasa wuƙa da ruwa, mai kaushi sannan mai laushi, a ƙarasa da fata. Kada a yi masa bakin aska. Takobi yana son baki mai ɗan ƙiba a bayansa, wajen digiri 20 zuwa 25 a kowane gefe, domin siririn baki da ya haɗu da abu mai tauri sai ya naɗe. Kuma ba lalle a wasa shi duka ba, rabin da ke wajen tsini shi ke yin sara. In ya yanka takarda ba tare da ya yage ta ba, ya isa haka.

Abin sarawa kam ba ma rasa shi a nan. Japanawa tabarma suke naɗewa su jiƙa ta a ruwa, mu ma muna da tabarmar kaba, ga ɗanyen karan dawa, ga gorunan roba. Itace busasshe da ƙarfe da ƙashi, a'a. Kuma wanda ya daɗe yana yi zai gaya maka ba kaifi ke yanka ba, daidaita baki ne da hanyar da hannu ya bi. Mai koyo ya yi watanni da sanda tukuna. Ran da za a yi da ƙarfe, kowa ya koma baya, ba kowa a gaba ko a gefe, a sa takalmi rufaffe, domin sara in ya wuce gora ƙafar mai shi yake nema. Malamai sun san hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, da wanda ya hana miƙa wa mutum takobi a zare. A damina, da laimar bakin Logon, ƙarfe mai kabon yana tsatsa cikin 'yan kwanaki, sai a riƙa goge shi ana shafa masa man keken ɗinki.

Akwai kuma abin da bidiyon Turawa ba zai gaya maka ba. Dokar makamai ta Kamaru ta watan Disamba 2016 ba bindiga kaɗai ta ambata ba, ta haɗa da makamai masu kaifi. Kuma muna jihar Arewa Mai Nisa, wadda tun 2014 take fama da Boko Haram, ga shingayen jandarma a kan hanyar Marwa, ga iyakar Cadi a tsallaken kogi, Bongor na kallonmu. Dogarin Lamiɗo da takobinsa ranar Sallah kowa ya san dalilinsa. Saurayi Bahaushe, Musulmi, a kan babur da wasasshen takobi naɗe a buhu, bayanin da zai yi a shinge mai tsawo ne, kuma ba lalle a saurare shi ba. Wanda ya ƙudurta sai ya mallaka, ya fara zuwa komisariya ko birged ɗin jandarma ya tambayi abin da doka ta yarda, ya sanar da mai unguwa, ya ajiye shi a gida cikin kube, a kulle inda yara ba sa kaiwa.